Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Ƙarancin Ma'aikata a Makarantun Firamare na Kudancin Kaduna



Gabatarwa

Duk lokacin da aka tashi maganar taɓarɓarewar ilimin firamare a Jihar Kaduna, mutum ɗaya ake nuna wa yatsa, wato malami. A ce bai iya ba, a ce takardarsa ta jabu ce, a ce ba ya zuwa aiki. Ban ɗauki alƙalami don in wanke malamai ba, domin kuwa akwai baragurbi a cikinsu kamar yadda ake samu a kowace sana'a. Abin da nake so mu duba shi ne wata tambaya da ba a cika yin ta ba: shin manya nawa ne ke tsaye a kan yaran nan a kowace makaranta? A nawa ganin, matuƙar ba a amsa wannan tambaya makaranta-makaranta ba, to duk jarrabawar da za a yi wa malamai rabin aiki ce, domin ko gwanin gwanaye aka ba yara ɗari shi kaɗai, abin da zai iya yi bai wuce tsaron aji ba.

Na zaɓi Kafanchan da kewayenta ne saboda wuri ne da bai kamata a ji kukan rashin malamai ba. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso garin a shekarun 1920 ya zama mahaɗa, aka sami ma'aikata daga sassa daban-daban na ƙasar nan da ke son 'ya'yansu su yi boko. 'Yan mishan kuma sun kafa makarantu a Kwoi da Kagoro da wasu garuruwan tun zamanin Turawa, har yankin ya yi suna wajen fitar da malamai. Ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya a bakin ƙofa tana yaye masu takardar NCE, ga kuma reshen Jami'ar Jihar Kaduna a cikin Kafanchan. Idan a irin wannan wuri ana samun aji babu malami, to ashe ba mutanen ne suka yi ƙaranci ba, tsarin ɗaukarsu da rabonsu ne ke da gyara.

Abin da Aka Tanada a Takarda

Manufar Ilimi ta Ƙasa, a bugunta na 2004 da na 2013, ta ƙayyade malami ɗaya ga yara 35 a makarantar firamare, sa'annan ta ce takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar da mutum zai shiga aji da ita. Ba a nan kawai ta tsaya ba. Ta tanadi cewa makarantar firamare za ta sami ɗakin karatu, da tsarin kula da lafiyar yara, da mai ba su shawara, da kuma malamai na musamman ga darussa irin su lissafi da kimiyya da harsuna da motsa jiki. Wato dai waɗanda suka tsara manufar sun san cewa malamin aji shi kaɗai ba ya zama makaranta.

Haka kuma shirin ilimin bai-ɗaya na UBE, wanda Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999 aka kuma yi masa doka a 2004, ya wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta. Dokar ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don tallafa wa jihohi. Sai dai mafi yawan wannan tallafi gine-gine da kujeru da littattafai yake bi. Albashin malamin firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa. A nan gizo ke saƙar: gina aji aiki ne na sau ɗaya wanda ake yanka ƙyalle a ɗauki hoto, amma ɗaukar malami nauyi ne na kowane wata har ya yi ritaya. Shi ya sa sau da yawa za ka ga sabon gini da fenti mai ƙyalli, ka leƙa ciki ka tarar da monita riƙe da bulala yana rubuta sunayen masu surutu.

Lissafin da Ba a Yi Ba

Mu koma baya kaɗan. A watan Janairun 2016 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta fara ciyar da 'yan firamare, yara suka yi ta tururuwa zuwa makaranta. Gwamnatin da kanta ta ce yawan waɗanda ke cikin rajista ya tashi daga kimanin miliyan 1.1 zuwa miliyan 2.1. A 2017 kuma aka yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 sun kasa cin kashi 75 cikin 100, aka sallame su, aka yi alkawarin ɗaukar sababbi 25,000. Ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a Janairun 2018, amma bai hana korar ba. A Yunin 2022 aka sake sallamar malamai 2,357, mafi yawansu saboda sun ƙi zama jarrabawar da aka shirya a ƙarshen 2021, wadda malamai 27,662 suka zauna.

An yi ta muhawara a kan wannan mataki, wasu na yabo wasu na tofin Allah tsine. Gaskiya ce, wasu daga cikin takardun amsar da gwamnati ta bayyana wa jama'a abin kunya ne, kuma babu uban da zai so a damƙa ɗansa a hannun wanda ya rubuta su. Amma mai karatu, ɗauki alƙalami mu yi ɗan lissafi da alƙaluman gwamnatin kanta. Yara miliyan 2.1, idan za a bi ƙa'idar malami ɗaya ga yara 35, malamai 60,000 suke bukata. Malamai 33,000 ke nan kowane ɗaya yana da yara sama da 60. Idan aka cire 21,780 aka ƙara 25,000, an sami kimanin 36,000, wato har yanzu kowane malami na da yara kusan 58. Ashe ko da a ce duk sababbin da aka ɗauka zaƙaƙurai ne, kuma babu wanda ya ajiye aiki ko ya mutu ko ya yi ritaya, giɓin da ya rage ya haura malamai 20,000. Wani zai ce ai ba duk yaron da ke rajista ne ke zuwa ba. Haka ne, amma gwamnatin da ta wajabta karatu ba za ta kafa hujja da fashin yara ba.

An ɓata shekaru ana gardamar inganci, maganar yawa kuma ta bi ruwa. Alhali kuwa su biyun Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Malamin da ke da yara 35 zai iya duba littafin kowa, ya gane wanda ke juya harafin "b" ya koma "d", ya zauna da shi. Mai yara 80 kuwa, ko minti ɗaya ya ba kowane yaro, darasin minti 35 ya ƙare bai kai rabinsu ba. Dole ya koma karatun "ku maimaita bayana", yara su yi ta rera abin da ke kan allo kamar waƙa, su kai aji shida ba su iya haɗa baƙi da wasali ba.

Gari da Ƙauye

Wannan lissafi da muka yi ma na jiha ne gaba ɗaya, kuma irin sa yana ɓoye gaskiya. Idan makarantar cikin gari tana da malamai 30 ga yara 600, ta ƙauye kuma tana da malamai 3 ga yara 300, a takarda za a ce malami ɗaya ga yara 27, a yi tafi. Amma yaron ƙauyen shi da 'yan'uwansa 99 ke rabon malami guda.

Kowa ya san yadda abin ke faruwa. Malami yana karɓar takardar kama aiki sai ya fara neman wanda ya san wani a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma don a mayar da shi Kafanchan ko Zonkwa ko Kachia ko Kwoi. Ban ga laifinsa sosai ba. A gari akwai gidan haya da asibiti da kasuwa, ga damar ɗan neman na cefane bayan an tashi. A ƙauyukan da ke cikin duwatsun Kauru ko lungunan Sanga kuwa, da damina ta kankama hanya kan yanke, kuɗin acaɓa kuma ya cinye albashi. Sakamakon haka, wanda ba shi da kowa shi ake bari a ƙauye, shi ma ɗin yakan kwana a gari ya riƙa zuwa ranar da ya samu.

Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin. Hare-haren da aka yi a yankin Godogodo da Goska a 2016, da waɗanda suka biyo baya a Zangon Kataf da Kaura a shekarun da suka gabata, sun tarwatsa ƙauyuka, wasu makarantu suka koma matsugunin 'yan gudun hijira. Ita kanta Kwalejin Gidan Waya an rufe ta na tsawon watanni a 2017 saboda wannan dalili. Duk inda aka yi tashin hankali, baƙon malami ne farkon tafiya, shi ne kuma na ƙarshen dawowa. Yaran da suka gudo cikin gari kuma sukan ƙaru a kan ajin da dama ya cika ya batse. Makarantun 'ya'yan makiyaya, irin waɗanda ke Ladduga a Ƙaramar Hukumar Kachia, su ma wannan matsala ta nisa da tsaro ba ta bar su ba.

Malami Ba Shi Kaɗai Ne Makaranta Ba

Mu ƙaddara makaranta mai aji shida da malamai uku har da hedimasta. Hedimasta ne akawu, shi ne masinja, shi ne mai kai rahoto ofishin ilimi, shi ne mai zuwa taro. Ranar da ya tafi, saura biyu. Idan yarinya ta faɗi da zazzaɓi, ɗaya zai ɗauke ta zuwa gida ko shagon magani, saura ɗaya a kan aji shida. Idan malama ta tafi hutun haihuwa, babu mai riƙe mata aji har ta dawo. Ba maigadi, don haka tagogi da kujeru da kwanon rufi sukan yi ƙafa a lokacin hutu, awaki su mayar da aji turke. Ba mai shara, don haka sa'ar farko ta safiya, lokacin da ƙwaƙwalwar yaro ta fi buɗewa, a tsintsiya da ɗebo ruwa take ƙarewa. Littattafan da aka kawo kuwa suna kulle a kwali a ofishin hedimasta, don babu wanda aka ɗora wa alhakin bayar da su da karɓarsu.

Waɗannan ayyuka ana ganin su kamar ƙanana, amma kowane ɗaya daga lokacin koyarwa ake yankar sa. Akwai kuma waɗanda malamin aji ba zai iya ba ko da yana da lokacin. Yaron da ya ga an ƙona gidansu, ko ɗan manomi ne ko ɗan makiyayi, ya dawo aji ba ya magana ko ya riƙa faɗa da kowa, mai ba da shawara yake bukata, ba bulala ba. Yaron da ba ya ji sosai ko ba ya ganin allo, sau da yawa daƙiƙi ake kiran sa har ya gaji ya daina zuwa, alhali da akwai malami guda mai horon ilimin masu bukata ta musamman da ke zagaya makarantu, da an gano shi tun a aji ɗaya.

Inda Abin Ya Shafe Mu Ɗaliban Harshe

Kudancin Kaduna taska ce ta harsuna. Akwai Tyap da Jju da Hyam da Gworok da Fantswam da Ninzo da Adara da Fulfulde da wasu da dama, Hausa kuma ita ce harshen kasuwa da mu'amala tsakanin ƙabilu, har ma da ibada a majami'u masu yawa. Yaron cikin Kafanchan yakan shiga aji ɗaya da Hausa a bakinsa. Na ƙauye kuwa sau da yawa harshen gidansu ne ya fi ƙarfi a bakinsa, Hausarsa 'yar kaɗan ce, littafin da ke gabansa kuma da Ingilishi aka rubuta shi. Idan aka turo masa malamin da ba ya jin harshensu, aka kuma haɗa shi da yara 70, ta ina za a fara?

Shekara da shekaru Manufar Ilimi tana cewa a koyar da yaro da harshen uwa ko na muhallinsa a shekaru uku na farko. A Nuwamban 2022 Gwamnatin Tarayya ta ce za a kai shi har shekara shida, Ministan Ilimi na lokacin Malam Adamu Adamu ya kuma yarda cewa sai an tanadi malamai da kayan aiki kafin abin ya tabbata. A Nuwamban 2025 sai Minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan tsari aka koma Ingilishi, bisa hujjar cewa yara na faɗuwa jarrabawa. Ni dai a ganina an yanke wa tsarin hukunci ne tun ba a ba shi ma'aikatan da za su gwada shi ba. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife a shekarun 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon firamare, ya yi nasara ne domin an horar da malamai an kuma rubuta littattafai tukuna.

Ko da wane harshe aka ce a yi karatu, yaro ɗan shekara shida yana bukatar babba a ajin da zai fahimce shi idan ya ce cikinsa na ciwo, ya kuma fassara masa abin da ke kan allo. Mu ɗaliban Hausa ya kamata mu faɗi gaskiya a nan: Hausa gada ce mai amfani a yankin, amma ba ita ce harshen uwa ga yawancin yaran ba, kuma tura malamin Hausa kawai bai wadatar ba. Harsunan nan ba su rasa hanyar rubutu ba. An fassara Sabon Alkawari da Jju da Tyap, har ma Tyap ta sami nata shafin Wikipedia a 2022. Masu iya karanta su da rubuta su suna nan, da yawansu riƙe da NCE suna zaman jiran aiki.

To Ina Kuɗin?

Na san za a ce duk wannan daɗin baki ne, ƙananan hukumomi da ƙyar suke biyan waɗanda ke ƙasa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba mu kaɗai ke cikin wannan hali ba, domin hukumar UNESCO ta ƙiyasta a 2024 cewa ƙasashen Afirka kudu da Sahara na bukatar ƙarin malamai miliyan 15 kafin 2030. Amma an gwada hanyoyin wucin gadi an ga iyakarsu. Shirin malaman tarayya na 2006 da N-Power na 2016 sun tura matasa aji na ɗan lokaci, da wa'adinsu ya cika suka tafi, aji ya koma yadda yake. A wurare da dama iyaye ne ke karo-karo su biya malaman sa-kai ɗan abin sabulu. To manomin Jaba ko Kachia da cutar citta ta 2023 ta karya wa jari, da me zai yi karo-karon? Ilimin da aka ce kyauta ne ya koma wuyan wanda ya fi kowa talauci.

Kuma ba kowane gyara ne ke cin kuɗi mai yawa ba. Mayar da rarar malaman gari da waɗanda aka jibge a ofisoshi zuwa inda ake bukatarsu, ƙarfin hali yake nema fiye da kuɗi. A Indiya, ƙungiyar Pratham ta ɗauki 'yan mata daga cikin unguwanni ta ba su ɗan horo, suna ware yaran da aka bari a baya suna koya musu karatu da lissafi na sa'o'i biyu a rana, bincike kuma ya nuna yaran sun ci gaba da kuɗi kaɗan. Irin wannan mataimaki ba zai maye gurbin malami ba, kuma bai kamata a fake da shi a ƙi ɗaukar ƙwararru ba, amma yana sauke wa malami rabin kaya.

Shawarwari

Na farko, hukumar SUBEB da ofisoshin ilimi na ƙananan hukumomi su riƙa bayyana yawan yara da malamai da sauran ma'aikata na kowace makaranta a farkon kowane zango, a manna a ƙofar ofishin hedimasta inda iyaye da kwamitin kula da makaranta za su gani. Abin da aka ƙidaya a fili yana da wuyar murɗewa.

Na biyu, a riƙa ɗaukar malami don takamaimiyar makaranta, a fifita ɗan yankin da ke jin harshen yaran idan ya cika sharuɗɗa, ya kuma sa hannu zai yi wasu shekaru kafin ya nemi canji. Alawus ɗin zama ƙauye, wanda Shugaba Buhari ya yi alkawarinsa tun a Ranar Malamai ta 2020, ya zama kuɗi ne da ke shiga hannu kowane wata.

Na uku, kada a sake sallamar malami, komai laifinsa, sai an tanadi wanda zai shiga ajinsa washegari. Haka nan duk wanda ya yi ritaya ko ya rasu a cike gurbinsa a cikin zangon.

Na huɗu, kowace makaranta ta sami maigadi da mataimaki a aji ɗaya zuwa uku. Mai ba da shawara da malamin masu bukata ta musamman da ma'aikacin lafiya kuwa, a haɗa makarantu biyar ko shida da ke kusa da juna su yi tarayya a kansu.

Na biyar, tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, to jama'a su riƙa tambayar ciyamominsu da kansilolinsu malamai nawa suka ɗauka, ba aji nawa suka yi wa fenti kawai ba.

Kammalawa

'Yan'uwana ɗalibai, da yawanmu aji ne makomarmu, ko mun so ko mun ƙi. Wasunmu ma daga firamare aka ba su hutun ƙaro karatu suka zo nan. Yaron da bai iya karatu a aji uku ba, shi ne za a kawo mana a sakandare mu koya masa nahawu da adabi, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Don haka ina kira ga ƙungiyarmu da ta sa wannan batu cikin ayyukanta. Duk wanda ya je gida hutu, musamman 'yan Jema'a da Kaura da Zangon Kataf da Jaba da Sanga da Kachia da Kagarko da Kauru, ya leƙa firamaren garinsu, ya gaida hedimasta, ya tambayi yawan yara da na malamai da harsunan da suke ji. Idan muka tattara wannan muka buga a fitowa ta gaba, mun ba hukuma da iyaye abin da za su kama. A gwada malami, ba mu ƙi ba, amma a fara da ƙidaya yaran da aka tara masa.

Allah ya sa mu dace, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Wassalam.